Ƙamshin Jema a Kwalbar Gabukka

Ku matso, 'ya'yana na ɗakin gwaji, ku ba tsohuwa kunnuwanku. Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo ruwan unguwar Gabukka ba.

Ni Goggo Dije, ban yi boko ba. Aikina wanke kwalabe. Amma na daɗe ina kallon Malam Buba, shugabanmu, yana auna ruwa: duhunsa, gishirinsa, tsaminsa, ƙarfen da ke ciki. Kowanne da nauyinsa, sai a haɗa su su haifi lamba guda. Lamba ƙarama, a sha. Babba, a nema wa mutane wani ruwan.

A wata bazara an ce unguwar da lambarta ta fi muni ita za a haƙa wa burtsatse. Kowa ya san rijiyoyin Gabukka ja suke kamar kunun kanwa. To, namiji ba ya shiga gidan mutane, sai Malam Buba ya tsaya a zaure ya aika kwalabe ciki.

Ran Talata lamba ta fito ƙarama, tsaf. Gabukka ta faɗi ke nan.

Ina buɗe kwalabe zan wanke, sai ƙamshin jema, saiwar nan da ake sa wa ruwan sha, ya bugi hancina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rijiya ta fara tsirar da jema?"

Ya ce, "Goggo, injin awo ba ya ƙarya."

"Ba ya ƙarya, amma ba shi da hanci. Wannan ruwan randa ne."

Ya sunsuna. Washegari ya sa ni gaban mota, karo na farko a rayuwata, muka nufi Gabukka.

Na shiga gidan Adda Yelwa, uwar matan layin. Na ce, "Adda, tsakaninki da Allah, daga ina kika cika kwalbar nan?"

Ta riƙe haɓa. "Haba Dije! Baƙo ya zo daga ofis, in ba shi jan ruwa? Duk layin nan mun jefa alif, mun tace, mun sa jema. So kike a ce matan Gabukka ƙazamai ne?"

"To, tsabtarku ta kori burtsatsenku."

Ta yi salati, sannan muka yi dariya har da hawaye. Da hannuna na bi gida-gida ina jefa guga a rijiya, matan na bina suna cewa, "Zurfafa, Dije, ɗebo na ƙasan!" Lamba ta fito babba. Ban taɓa ganin an yi wa mummunan sakamako guɗa ba sai ranar.

Ku da kuke kan aiki, kafin ku auna ruwa ku tambayi hannun da ya ɗebo shi.

Malam Buba ya yi ritaya, yana noma a bayan Barunde. Ni aka mayar mai ɗebo ruwa a gidaje har ƙafa ta gaza. Adda Yelwa kuwa tana nan da ranta, mabuɗin famfo a bakin zanenta, kuma har yau ruwan burtsatsen sai ta sa masa jema.