Ludayin Baba

Ina gama digirin dakta, mutanen garinmu Marnona suka zuba ido su ga na buɗe asibiti. Na gaji da faɗa musu ni ba likitan allura ba ne, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na karanta, kuma majinyatana duka ɓeraye ne. Shekara huɗu na yi da su a ɗakin gwaji, na san halinsu fiye da na wasu dangina. Gwaggona har yau in mun gaisa sai ta tambaye ni lafiyar ɓerayen.

Ana haka wata jami'a ta fitar da gurbin bincike na shekara biyu, irin wanda ake ba wanda ya gama dakta don ya fara tsayawa da ƙafarsa. Ina karanta sanarwar na ce wannan nawa ne. Ba cika baki ba, na san abin da na iya. Sharaɗi ɗaya ne ya tsaya mini: mai nema ya zo da tambayar kansa, da ɗan gwajin farko da zai nuna tana da tushe, kuma wata biyu kawai aka bayar.

Tambaya kam ina da ita tun ina yaro. Manoman albasa na fadamarmu da hannu suke dama maganin feshi a bokiti, su goya tanki, iska tana maido musu shi a fuska, sannan su ɗauraye hannu sama-sama su ci abinci. Na kuma lura dattawa da yawa hannunsu yana rawa. Ko maganin ne, ko tsufa, ko wani abu daban, ban sani ba, abin da nake son aunawa ke nan.

Gwajin da aka koya mana mai sauƙi ne. A ba mutum biro da takarda ya zana layi mai naɗewa kamar gammo, rawar hannu za ta fito a layin. Na cika jaka da takardu, na hau babur, na tsallake garinmu don kada a yi mini dariyar ɓeraye. A Boyekai an ba ni tabarma da ruwan sanyi, an sa mini albarka, ba wanda ya taɓa biro sai mutum biyu. Su ma riƙon da suka yi masa ya isa ya karkata layin mai lafiya, don ba abin hannunsu ba ne. A Maikujera wani dattijo ya saurare ni har na gama.

"Kai ɗan wa na?" ya ce.

Na faɗa masa. Ya san Baba, shekara da shekaru wurinsa yake sayen irin albasa.

"Tsohonka ya yi wanga zane?"

Na ce a'a.

"To koma gida, ɗana. Ba mu shiga gaban tsohonka ga abin ɗanai. Shi hwara, mu bi."

Na koma raina a ɓace, don na san inda gizo yake saƙa. Hannun Baba na dama ya fi shekara biyu yana rawa. Duk gidan mun sani, ba mai faɗa. Kullum hannun yana cikin aljihun riga. A fadama kuwa, in rana ta take, manoma kan taru ƙarƙashin mangwaro a dama fura a babbar ƙwarya, ludayi ɗaya ya zagaya, daga babba zuwa ƙarami. Baba ne ke farawa a da. Sai ya daina zuwa, wai nono yana ɓata masa ciki. Inna kuma ta tsegunta mini cewa a ɗaki yake shanye kofi biyu in ba kowa.

Na same shi da hantsi yana duba rumbun albasa, na durƙusa na yi masa bayani.

"Mi kaka so da hannuna?" ya ce, bai ko juyo ba. "In anka gani, gobe yayyenka su ce Baba huta, su amshe gona. Ni ban shirya zama bisa tabarma ina korar kaji ba."

"Baba, ba ni da maganin da zan yi ma alkawali," na ce. "Amma ba hannu ka sanin ranar da albasa ka son ruwa ba. In ba ka hwara ba, babu mai hwarawa, gurbin ga kuwa shi wuce ni."

Ya ci gaba da duba albasarsa. Na tashi ina jin kunyar kaina, don na roƙi tsoho ya tona abin da ya ɓoye saboda takardata. Duk da haka ban janye maganar ba, na san gaskiya na faɗa. Saura mako uku a rufe karɓar takardu.

Kwana uku bayan haka ina fadama da rana, Bafulatanar da ke kawo mana nono ta gama damu ta tura ƙwarya tsakiya. Sai ga Baba ya fito daga cikin kunyoyi, ya zauna wurinsa na da. Hira ta tsaya. Ya zaro hannun daga aljihu, ya cika ludayi fal, ya ɗaga. Kafin ya kai baki rabi ya zube masa a gemu da gaban riga. Ya sha sauran a natse, ya dube ni.

"Ga shi nan, dakta. Rubuta. Wanga ya hi biron naka gaskiya."

Ya miƙa ludayin ga amininsa, wanda shi ma ya daɗe yana cewa azumin nafila yake yi duk lokacin fura. Ludayi ya yi ta kaɗawa a hannunsa.

"Ashe kai ma?" in ji Baba.

"Ni ma. Azumin ga ya ishe ni."

Aka fashe da dariya, ni kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido. A wurin na ajiye biro. Na sayi ludayi masu girma ɗaya, a cika da ruwa zuwa alama, mutum ya ɗaga zuwa baki, in auna abin da ya zube. Ba manomin da za a koya wa riƙon ludayi. Ranar kasuwa labari ya riga ni isa Maikujera, dattijon nan shi ya fara miƙo hannu, kafin mako ya ƙare har mutanen Boyekai sun aiko in koma.

Ranar ganawa a jami'ar wata farfesa ta tambaye ni don me ban yi amfani da na'ura ba. Na ce na'ura za ta zo in kun ɗauke ni, amma ludayi ne ya sa mutane suka fito da hannuwansu daga aljihu. Na ga ta rubuta wani abu. Ban yi mamaki ba da takardar ɗauka ta iso.

Gona kuwa ba wanda ya amshe. Babban yayana ya karɓi tankin feshi, da safar hannu da takunkumi da na matsa masa, amma ranar ban ruwa da ranar cira har yau bakin Baba ake jira.

Ranar da zan tafi kama aiki na biya fadama sallama. Baba ya sha furarsa, ya zubar da abin da ya zubar, ba wanda ya ɗaga kai. Maimakon ya miƙa wa amininsa, sai ya tsallake dattawa duka ya miƙo mini, abin da ban taɓa gani an yi ba. Na cika ludayi na ɗaga, hannuna ya kama rawa, fura ta zubo mini a sabuwar riga.

Baba ya dubi rigar, ya dube ni.

"Rubuta wanga ma," ya ce.