Baba Mai Usur Ya Sauko Daga Kujerarsa

Kafin baƙon farko ya fito daga ɗakinsa da tawul a kafaɗa, Baba Mai Usur ya riga ya zagaye tafkin ninkaya na otal ɗin sau biyu. Yakan tsame ganyen da iska ta zubo, ya girgiza tsanin ƙarfen ya ji ko ya kwance, sannan ya hau doguwar kujerarsa a ƙarƙashin wata laima da rana ta cinye launinta. In zai sauko yin salla, sai ya hura usur kowa ya fito daga ruwa tukuna, kowane ne kuwa. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. Aikinsa guda ne: kada wani ya nutse.

Ni likita ne ya tura ni wurin. Ya ce jinina ya hau, in riƙa ware yini ɗaya a wata ina hutawa. Sai in je in baje a kujerar bakin ruwa kamar buhun da aka manta, ina amsa saƙonnin ofis, gumi na bin wuyana. Maiɗakina ta ce hutun nawa ko kallonsa gajiyar da ita yake yi.

Na daɗe ina ganin leɓen Baba yana motsi, na ɗauka tasbihi ne. Ran nan na tambaye shi.

"Kawuna nake ƙirgawa, Yallaɓai," ya ce, bai ko juyo ba. "Goma sha bakwai. Da naka sha takwas, in ka yi ta maza ka shiga."

Na yi ta maza. Santsi ya kwashe ni a inda ruwan bai wuce ƙirjina ba, na sha ya fi kofi uku, na fara tuno waɗanda na ɓata wa rai. Sai na ji hannu a hammatata, da muryar Baba ƙasa-ƙasa: "Miƙe ƙafarka kawai, ƙasa tana nan." Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ka ga inda nake gaya maka daɓen ya lalace ko, Yallaɓai?" Daɓen lafiyarsa lau. Har yau maiɗakina ta ɗauka duba aiki muka shiga yi.

Matar da ke wanke tawul, wadda ta kusa kai shi daɗewa a otal ɗin, ta ce a gabanta ya tsamo mutum ya fi talatin. Akwai yarinya 'yar shekara huɗu da ta sulale ba ko ƙara, uwarta taku biyu daga wurin tana ɗaukar kanta hoto. Ya fito da ita, ya buga mata baya ta amayar da ruwa, ya miƙa ta, ya koma kujerarsa yana ɗiga. Akwai wani babban mutum da ƙafarsa ta riƙe a wuri mai zurfi, wanda da ya dawo hayyacinsa ya kai ƙara wai an kama shi da ƙarfi a gaban iyalinsa. Baba ya je ya ba shi haƙuri.

Kai ne idon da bai taɓa hutawa ba a gidan hutu, Baba. Mun kwanta mun rufe fuska da hula saboda kai ba ka rufe taka ba, kuma yawancinmu ko sannu ba mu ce maka ba.

A watan jiya, wata Asabar da rana tsaka, ya ƙirga kai goma sha biyu. Ya sake ƙirgawa ya samu sha ɗaya. Na sha biyun ashe baƙar ƙwallo ce da yara suka bari tana yawo a kan ruwa. Ba abin da ya faru, ba wanda ya sani. Ya hura usur, ya fitar da kowa, ya tafi ofishin manaja da ƙafarsa ya faɗa masa idonsa ya fara gazawa. A asibiti aka ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali.

Da ya yi shiru, da ya ƙara shekara biyu ko uku a kujerar nan. Autarsa ba ta gama makaranta ba. Manaja, mutumin kirki, ya ce to ya zauna a rumfar bakin tafki yana raba tawul, aikin da ba ya bukatar ido. Baba ya ƙi.

Ranar da zai tafi ina wurin. Na ce, "Haba Baba, raba tawul ai ba abin kunya ba ne. Ni nan da ka gani, aikin da nake yi a ofis bai kai shi amfani ba."

Ya yi dariya kaɗan. "Ba kunya ba ce, Yallaɓai. Mutanen nan sun saba da ni. Muddin suka hango ni a bakin ruwa, za su ce Baba na nan, su koma kan wayarsu. Ni kuwa ba na nan. Sabon da aka ɗauka yana da ido, amma bai san su ba tukuna."

"To gida fa?"

"Allah na nan," ya ce. "Tsoro dai ina ji, kada in yi maka ƙarya."

Bai fita ta ƙofar ma'aikata ba. Ya jira yamma ta yi, lokacin da yara suka fi yawa, ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya da 'yar jakarsa a hannu, yana durƙusawa kusa da kowace uwa da kowane uba: "Na bar aiki yau. Ku sa ido a kan naku." Wasu suka yi masa addu'a. Wata ta ce ya turo mata mai kawo lemo.

Mun gode, Baba. Allah ya tsayar da ciwon a inda ya kai, ya buɗa maka ta inda ba ka zata ba. Mu kuma da muke manne da kujerunmu, direbanmu da likitanmu da malaminmu, har da ni mai wannan surutu, kowa ya san abin da ya fara kuɓuce masa, yana ɓoyewa yana fatan kada a gane. Wani ya miƙa maka ransa ko na ɗansa ya juya baya. Ranar da ka ga ba ka iya riƙewa, ka tashi ka gaya masa da bakinka, tun ba abin da ya faru.