Allon Baba Sitati

Shekara talatin da ɗaya Baba Sitati ya yi yana wanki da guga a ɗan shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, kuma bai taɓa rataya allo ba. Yana da wata ɗabi'a da ke ba masu gaggawa haushi. In ka kawo kaya ba zai karɓa ba sai ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga tufar ta fuskanci rana, ya shinshina tabon, ya murza shi da babban yatsa. Sannan ya faɗi ɗayan biyu: "Zai fita," ko kuma "Wannan ba zai fita ba, kada ka wahalar da kanka." Bai san wata magana ta uku ba, kuma da wannan ya yi suna a layin.

Sai aka buɗe sabon wurin wanki a tsallaken titi, duk gilashi, da injuna huɗu suna juyi kowa na kallo. Igiyar shanyar Baba, wadda a da take lanƙwasa don nauyi, ta koma lilo da riguna uku.

A nan ɗan ƙanwarsa ya shigo maganar. Magidanci ne, ma'aikacin ofis, ya je wani kwas na kwana uku kan tallata kasuwanci. Kwana uku fa! Ya dawo yana kallon kowane mai sana'a kamar marar lafiya.

"Kawu, matsalarku ba ku da saƙo," in ji shi. "Kowace sana'a tana bukatar jimla ɗaya, gajera, wadda mai wucewa zai karanta ta manne masa a kai. Me kuke yi wanda waɗancan ba sa yi?"

Tambaya ce mai kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Abin takaicin, bai tsaya jin amsa ba. Baba na shirin buɗe baki, shi har ya ciro waya yana kiran mai rubutun allo. Bayan kwana biyu aka kafa allo ja da fari a saman ƙofa: BABU TABON DA YA FI ƘARFINMU.

Baba ya karanta a hankali, ransa ya ɓaci. "Kai, wannan ai ƙarya ce. Tawadar da dutsen guga ya bi ta kanta fa? Tsatsa fa?"

"Ba ƙarya ba ce, Kawu, talla ce. Kowa haka yake yi."

Ya so ya sa a sauke. Amma ƙanwarsa ta aiko tana roƙo kada ya kunyata mata ɗa, ga kuma igiya fayau. Ya haɗiye maganarsa, ya riƙa shiga shagon kansa a sunkuye don kada su haɗa ido da allon.

Rana ta biyar da kafa allon wata mata ta zo da farar riga a naɗe cikin leda. Ya san ta, matar malamin makarantar da ya rasu bara ce. A ƙasan aljihun rigar akwai tabon shuɗiyar tawada, inda biro ya taɓa fashewa. Baba ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga ta ga rana, ya murza. Tsohon tabo ne, an goge shi sau ba adadi, yadin kuma ya yi laushi. Kafin ya sauke hannu ya riga ya san amsa.

"Rigar marigayi ce, ɗanmu nake so ya sa ta ranar da zai fara aiki," ta ce. "Da na haƙura, Baba, sai na ga abin da kuka rubuta."

Ta nuna allon da yatsa. Kunya ta rufe tsohon. Ta yaya zai ƙaryata abin da ke rubuce a saman kansa? Sai ga magana ta uku ta fito daga bakinsa, wadda bai taɓa faɗa wa kowa ba: "Za a gwada."

Ya gwada sabulu, tabo bai motsa ba. Ya gwada ruwan zafi. Da rana ta take ya ɗauko bilic mai cin tabo, abin da ya daɗe yana zagin masu injin a kansa, ya ɗiga. Shuɗin ya fara dusashewa, har zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Ya ƙara, ya cuɗa sau ɗaya, sai babban yatsansa ya ɓulla ta bayan yadin.

Da ta dawo bai ɓoye ba, ya shimfiɗa rigar a kan teburin guga. Ta daɗe tana kallon hujin. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Shekara nawa kuna gaya wa mutane gaskiya, sai a kaina kuka fasa? Da kun ce ba zai fita ba, da na ajiye ta da tabonta. Ai bironsa ne ya yi shi."

Ta naɗe rigar, ta mayar cikin leda, ta fita.

Baba bai jira kowa ba. Ya aro tsani, ya shafe allon da ragowar farin fentin da mai rubutun ya bari, ya ɗauki jan ya rubuta da hannunsa, baƙaƙen a karkace, fenti na zirara: IN BA ZAI FITA BA, ZAN GAYA MAKA.

Ɗan ƙanwar ya zo a fusace. "Haba Kawu! Wa zai shiga shagon da ke tallan gazawarsa?"

"Ka tambaye ni me nake yi wanda waɗancan ba sa yi," in ji Baba daga kan tsani. "Ga shi nan. Da ka tsaya ka ji, da rigar bawan Allah tana nan lafiya."

Mutane sun karanta, wasu sun yi dariya, wasu sun dawo da kayansu. Igiya ta ɗan yi nauyi. Matar malamin dai ba ta sake shigowa ba. Kullum da safe takan bi ta layin, in ta kusa shagon sai ta tsallaka titi, shi kuma yakan sauke tufar da ke hannunsa ya jira har ta wuce.