Mai Kunne da Bututun Bayan Layin Dogo

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayin, wanda abokan aikinsa suka fi sani da laƙabin Mai Kunne, a shekarar 1962, a wata unguwa da ke gefen layin dogo, cikin birnin da ya yi dukan rayuwarsa. Mahaifinsa mai gyaran bokitai ne da tukwanen ƙarfe, mahaifiyarsa kuwa ɗinkin keke take yi a ɗaki. Ta rasu yana ɗan shekara huɗu, saboda haka yayarsa, wadda ta girme shi da shekara goma, ita ta ɗauki nauyin renonsa har ya mallaki hankalin kansa.

Karatu

Ya shiga firamare a 1969, daga nan ya wuce makarantar koyon sana'a, inda ya karanci aikin famfo, ya kammala a 1982. Malamansa sun shaide shi da natsuwa da ƙarancin magana.

Aiki

A 1983 hukumar ruwa ta birnin ta ɗauke shi a sashen gano yoyo. A wancan zamani kayan aikin sandar ƙarfe ce kawai: a dasa bakinta a kan bututu, a kara kunne a ɗaya ƙarshen, a saurari inda ruwa ke zurarewa a ƙarƙashin kwalta. Ƙwarewarsa a wannan fanni ita ta jawo masa laƙabinsa.

Aure da Iyali

Ya auri wata malamar firamare a 1988, Allah ya albarkace su da 'ya'ya. Malama takan ce wa baƙi, "Kun gan shi nan, yana jin kukan bututu a ƙarƙashin ƙasa, amma a kira shi cin abinci daga tsakar gida sai an haɗa da jifa."

Al'amarin Kwari

A 1995, bayan rasuwar mijinta, yayarsa ta koma wani kwari da ke bayan layin dogo, inda mutane suka gina gidaje ba tare da an sa su cikin taswirar birni ba, don haka ba a ja musu famfo ba. Babban bututun da ke kai ruwa unguwannin kan tudu ya ratsa ta nan, ya kuma tsage a wata gaɓa. Mazauna wurin suka zagaye tsagar da siminti, suna ɗibar na sha da na wanka. Mai Kunne ya san da wannan yoyo sarai, amma babu wanda ya tambaye shi a ofis, shi kuma bai faɗa ba.

Zuwan Na'urori

A 2018 hukumar ta shigo da sabon tsari domin rage asarar ruwa: ƙananan na'urori da ake ɗaurawa a jikin bututu, suna auna ruwan da ya wuce, suna aika bayani ta intanet zuwa wani babban allo a ofis, wanda ke nuna ja a duk inda ruwan da ya shiga ya fi wanda ya fita. Ya koyi kwamfuta a hannun 'yarsa, aka ba shi jagorancin ɗaura na'urorin. Ya gama da kowane layi, ya bar na kwari a ƙarshe.

Wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi shawara ya ɗaura na'urori biyun, mai auna shigar ruwa da mai auna fitarsa, a gefe ɗaya na tsagar, ta yadda allon ba zai ga bambanci ba. Ya amsa masa da cewa, "Shiru kam na iya, na kuma yi shi shekara da shekaru. Amma in sa ƙarfe ya yi ƙarya da hannuna, wannan ban iya ba."

Kafin ya ɗaura, sai da ya je ya shaida wa yayarsa. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, da ruwan da na ɗauko a kaina na wanke maka kashi. Yau kai ne za ka rufe mini ruwa don wani talabijin ya yi ja?" Ya ce, "Yaya, na tudu ma mutane ne." Ta ce, "To, je ka su goya ka."

Ya ɗaura su yadda ya kamata, allon ya nuna ja, aka toshe tsagar a watan Maris na 2019. Cikin makon, famfunan kan tudu da suka daɗe a bushe suka kawo ruwa, mutanen kwari kuwa suka koma tsallaka layin dogo da jarkoki. Har yau waɗanda suka san shi ba su daidaita ba a kan inda laifinsa yake, in akwai: a shirun da ya hana wasu ruwa tsawon shekaru, ko a gaskiyar da ta hana wasu daga baya.

Shekarun Ƙarshe

Ya yi ritaya a 2022, ya mai da zirga-zirga zuwa hukumar ta zama sana'arsa, yana neman a kafa wa kwari famfon jama'a. Amsar ba ta taɓa canzawa ba: tsarin ba ya karɓar sabon famfo sai da adireshi, kwari kuma ba shi da adireshi. Duk ƙarshen mako yakan cika jarkoki a motarsa ya ajiye a ƙofar yayarsa. Takan bar maƙwabta su kwashe, ita ba ta sha, ba ta kuma fitowa.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 2024, yana da shekara sittin da biyu, bayan jinyar ciwon zuciya. Mutanen tudu ba su san shi ba, balle su zo; na kwari wasu sun zo, wasu sun ƙi. Yayarsa ta iso kafin a fita da shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Malama, "Ce musu su rufe masa ƙafafu da kyau, ta nan sanyi ke kama shi." An binne shi da yammacin ranar a maƙabartar unguwarsu.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbar, ma'aikaciyar jinya; mai bi mata, direban jirgin ƙasa; ta uku, malamar kwamfuta; da Auta, ɗalibi. Ya kuma bar yayarsa, tana nan a kwarin, inda har yanzu ba a kafa famfon ba. Allah ya jiƙansa da rahama.