La'asar Ɗin da Ta Kashe Dikodar Alhaji Ummaru

Ranar jajibirin babbar salla, shekarar da na cika sha shida, na sauka daga motar Kalgo a tashar Gwandu, garinmu, rungume da dikoda, akwatin kama tashoshin talabijin, cikin tsohon zanen Inna. Ta maigidana ce, Mudi mai gyaran rediyo a Kalgo, wanda nake zama shagonsa duk hutun makaranta. Ya aiko ni in yi wa dikodar gidan kallon Alhaji Ummaru filashin, wato in zuba mata sabuwar manhaja, don tashoshin ƙwallo sun rufe. Ya ce in na yi aikin nan ni kaɗai, bayan salla in kwaso kayana in dawo shago gaba ɗaya.

Ku gane abin da wannan ke nufi gare ni. Boko ba ta karɓe ni ba, ni ma ban matsa mata ba. Rayuwata daga makarantar allo sai fadama, ban ruwan albasa har bayana ya ƙage, sannan in yanko wa tumaki ciyawa. In an samu sarari mu yi langa ko mu buga ƙwallon tsumma bayan firamare, masu tsaron lambun mangwaro su koro mu. Shagon Mudi ne kaɗai wurin da aka taɓa ce mini ina da kai.

Aikin ba wuya. Dikodar da ke da sabuwar manhaja muna ce mata uwa, wadda za a zuba wa kuma ɗiya. Ka haɗa su da waya ta baya, ka kunna, lambobi su yi ta hawa a fuskar ɗiyar har ɗari. Sharaɗi ɗaya ne, Mudi ya sha nanata shi: "Ko gobara ta tashi, kada wuta ta ɗauke." In ta ɗauke a tsakiya, ɗiya ta mutu.

To gidan kallon jikin masallacin unguwarmu yake, kuma Baba ne ladan. Da sharaɗi aka yarda aka buɗe shi: in lokacin salla ya yi, a kashe janareta. Baba da hannunsa yake kashewa in zai wuce. Na so in bari sai bayan la'asar, Alhaji ya ce samari sun cika benci, wasa ya kusa, in yi in gama. Na haɗa. Lamba ta wuce tamanin sai na hango Baba da butarsa. Na fita a guje na durƙusa gabansa, na ce ya yi mini haƙurin minti biyu, na rantse masa akwatin mutane zai mutu. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Akwati shi jira. Salla ba ta jiran kowa."

Ya murɗe makunnin. Da aka sallame aka tada inji, ba komai a fuskar dikodar Alhaji sai jar wuta. Samari suka watse suna tsaki. Alhaji bai iya yi wa ladan magana ba, sai ya aika wa Mudi. Mudi ya zo da kansa ya ɗauki dikodarsa, ya ce mini wanda bai iya tsare wuta a unguwarsu ba, ba zai tsare ta a garin wasu ba. Baba bai taɓa tada zancen ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ni kuma na koma fadama, har yau ina can.

Yanzu masallacin na da sola, gidan kallon ya zama shagon cajin waya. Ana kiran salla, yara na zaune bakin ƙofa suna kallon ƙwallo a tafin hannunsu, ba mai ce musu kanzil. Wani lokaci in ji haushinsu, wani lokaci in ji ina ma in sake ganin tsohon nan tafe da butarsa. Gaskiya ya faɗa, salla ba ta jira. Shagon Mudi ma bai jira ni ba.