Ranar da Lantana Ta Ƙi Cewa "Da Sauƙi"

Wanda duk ya taɓa sayen mazarƙwaila a kasuwar Makarfi, ya ji ta narke masa a baki babu ɗacin ƙuna, to da wuya in ba hannun Ɗayyabu na Kudan ya ɗanɗana ba. Siririn mutum ne mai faffaɗan kunne, kuma da kunnen yake cin abinci. Sauran masu dahuwa sai sun ɗiga ruwan raken a ƙwaryar ruwan sanyi su ga ko ya ɗaure. Shi kuwa karkata kai yake yi a gefen kasko ya saurari tafasa. In ta bar ɓararraka ta koma huci kamar tsohuwar da ta hau tudu, sai ya ce, "A janye wuta." Shekara da shekaru ba a kama shi da kuskure ba.

Gonar raken da injin matsa duk na yayansa ne, Ashafa. Ashafa na da ƙasa, yana da tumbi, yana da muryar ba da umarni, amma ko ruwan shayi ya ɗora sai ya ƙone. Allah ba ya haɗa wa mutum duka. Don haka wa ke da rake, ƙane ke da ludayi, gida yana ci.

Matar Ɗayyabu, Lantana, 'yar Furana ce ta wajen Ikara, kuma takan ce maza biyu aka aura mata da sadaki ɗaya. Na farkon in ya zo, barcin awa biyu ya ishe shi. Ya share tsakar gidansa, ya share ta maƙwabci, ya kwance keken da ba wanda ya ce masa ya lalace, bakin nan kamar rediyo mai sabon batir. Na biyun in ya sauka, sai ya juya wa bango fuska wata biyu cur. Tuwo ya huce a gabansa, a kira sunansa ya amsa kamar daga ƙasan rijiya. A tsakaninsu akwai ainihin Ɗayyabu, mai kunya, mai dariya a ciki-ciki, wanda ta ce shi ta gani ta yarda.

Ga inda mutanen gari suka yi tuntuɓe. In na biyun ya sauka sai a ce, "Ɗayyabu ba lafiya." In na farkon ya dawo sai a ce, "Alhamdulillahi, ya warke, ku ga ƙwazo." Ba wanda ya taɓa kai mutum asibiti don ya share gidan maƙwabci.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, addu'a kuwa har yau ba a fasa ba. Da kwanciyar ta yi tsawo wata shekara, Ashafa ya saka shi a mota zuwa wani asibiti a Zariya. Lantana ta so binsu, ya ce asibiti ba gidan biki ba ne, maganar maza ce. Likita ya ga mutum shiru, ba ci, ba walwala, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta ƙwaya. Mako uku Ɗayyabu ya miƙe. Mako biyar ya wuce miƙewa.

Suka koma ranar da aka ba su. Likita ya ce, "Malam, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Ashafa ya ƙara gishiri. "Sauƙi sosai, likita. Har ya fi da."

To, kun san halinmu. Bahaushe ko ƙafarsa ɗaya na cikin kabari, ka ce masa yaya jiki, "da sauƙi" zai ce, in numfashi ya rage ya ƙara da "alhamdulillahi." Tarbiyya ce, kuma mai kyau ce a zaure. Amma likita ba gaisuwa yake yi ba, tambaya yake. Ya ji sauƙi daga baki biyu, ya ce a ci gaba da magani.

Aka shiga lokacin rake. Ɗayyabu ya ce kasko ɗaya aikin ragwaye ne, ya hura wuta uku a jere. Yana tsalle daga wannan zuwa wancan, yana ba masu ɗauko rake labarin yadda zai kai mazarƙwailar Kudan har Makka. Mai aiki da kunne in bakinsa bai rufu ba, ina zai ji? Kasko uku suka ƙone ƙurmus, warin ya kai bakin titi, shi kuma ya tsoma damtse a tafasasshen ruwa yana ƙoƙarin ceto.

Ashafa ya tsaya a kansa ana shafa masa magani. Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya ɗauki ludayin ya ce, "Ba za ka ƙara matsowa kusa da wutar nan ba. Rake in ya nuna baɗi kana lafiya, ga abinka. In ba haka ba, ka nemi tabarma." Ya aika garin Paki aka kawo wani mai dahuwa, Yahuza, wanda mazarƙwailarsa in ka jefi kare da ita sai an biya diyya.

Daga nan mijin Lantana na biyu ya sauka, kuma bai taɓa nauyi irin na wannan karo ba. Da safe in iska ta kwaso ƙanshin dahuwar Yahuza ta shigo da shi ɗaki, sai ya ja mayafi ya rufe har hanci. Ita ta san ba ƙunar hannu ke cinsa ba. Mutumin da aka karɓe wa ludayi, me zai ce wa kansa shi ne?

Ranar komawa asibiti ta zo, Ashafa ya taka ƙusa a wurin injin, ƙafa ta kumbura kamar doya. Lantana ta yi masa sannu har sau uku, ta yafa gyale, ta riƙo mijinta suka hau mota.

Suka tarar an canja likita. Mace ce matashiya, Mukarrama, da tabarau a kan hanci. Ta duba kati ta ɗago.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Ta ɗauki biro. Lantana ta dubi biron, ta dubi damtsen mijinta.

"Babu sauƙi, likita."

Ɗayyabu, wanda ya yi mako shida bai ɗaga murya ba, ya juyo. "Ke Lantana. A gaban mutane?"

"Malam, shekara sha tara ina ce wa mutane da sauƙi. Na ce wa uwata, na ce wa taka, na ce wa mai tallar nono. Sauƙin ya ishe ni." Ta gyara zama. "'Yar nan, wannan da kike gani ɗaya ne daga ciki. Ɗayan ba a taɓa kawo muku shi da sunan ciwo ba."

Likita ta ajiye biron. "Mama, ba ni labarin ɗayan."

Lantana ta kwance buhu. Ta faɗi sharar gidan maƙwabci, ta faɗi keke, ta faɗi ranar da ya taka da ƙafa daga Kudan zuwa Makarfi don ya koya wa 'yan kasuwa jera kaya, ta faɗi kasko uku. Ɗayyabu ya sunkuyar da kai kamar ana karanta masa laifi a gaban alƙali. Likita na tambaya: kwana nawa yake yi a haka, barci awa nawa, yaushe ya fi tashi. Da ta ji cewa tashin da ya fi kowanne muni bayan fara ƙwayar nan ya zo, sai ta gyaɗa kai.

"Baba, ɗago. Ba abin kunya aka faɗa ba. Ciwo ɗaya ne mai kai biyu, yana ja ƙasa yana ja sama. Wanda ya duba ka da farko rabin labari aka ba shi, ya ba da maganin rabi. Maganin ɗaga mutum daga ƙasa, in aka ba mai irin naka shi kaɗai, yakan wuce da shi saman rufi."

"To yanzu akwai na duka biyun?" in ji Lantana.

"Akwai, ba ma ɗaya ba. Amma kamar takalmi ne, sai an gwada. Wanda ya yi wa wani daidai ya matse wani. Zai ɗauki watanni. Kuma ina da doka." Ta nuna ƙofa da biro. "Da sauƙi a can waje ake ajiye shi, tare da takalma."

Takalmin farko ya yi yawa. Kai ya lafa, kwanciyar baƙin ciki ta ɗaga, amma barci ya auri Ɗayyabu. Ya yi barci bayan asuba, ya yi bayan azahar, ya taɓa yin gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu. Tumbi ya fara leƙowa, har Lantana ta ce in aka ƙara wata biyu ba za ta iya bambanta shi da Yaya Ashafa ba sai an yi magana. Suka koma.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sau..." Lantana ta yi gyaran murya. Ya haɗiye sauran. "Barci ne, likita. Ya fi ƙarfin ibada."

Aka sauya a hankali, ana janye wannan ana shigar da wancan. Takalmi na biyun mai son gwajin jini ne, duk bayan 'yan makonni a tsikari mutum. Lantana ta ce da jinin da suka zuba a Zariya na bijimi ne, da an yi kilishi da naman. Amma a kan wannan ne ta fara ganin mutumin da ta aura. Ya tashi da asuba kamar kowa, ya kwanta kamar kowa. Ya yi dariyar nan tasa ta ciki-ciki ranar da akuya ta cinye mata zogalen da ta shanya. Damina ta wuce ba wanda ya sauka, ba wanda ya tashi.

Sai dai hannu. Ya ɗauki kofin koko, kokon ya yi ta rawa. Ɗayyabu ya koma cusa hannun cikin aljihu, yana cin tuwo bayan kowa ya tashi. Lantana ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Rake ya fara nuna. Ta san lissafin da yake yi: in ya faɗa, a sake canja magani, wata uku su tafi, Yahuza ya zauna daram. In ya ɓoye, ya tsaya gaban tafasasshen kasko da hannu mai rawa.

A mota ranar asibiti ta ce, "Malam, yau bakina ciwo yake. Kai za ka yi magana."

"Bakinki bai taɓa ciwo ba tun da aka kawo ki."

"To yau ya fara."

Likita ta yi tambayarta ta kullum. Ɗayyabu ya dubi matarsa, ta maida ido kan kalandar bango kamar mai neman ranar sallah.  Sannan ya zaro hannun daga aljihu ya shimfiɗa a kan tebur, yana kaɗawa kamar ganyen rake.

"Kai lafiya lau, likita. Hannu ne babu sauƙi. Kuma da shi nake ci."

Ta tambaye shi sana'arsa dalla-dalla. Da ta ji wuni ake yi gaban wuta ana zuba gumi, ta ce gara da ya faɗa, don wannan magani ba ya shiri da ƙishirwa. Ta sa aka auna jini, ta rage ƙwayar, ta ce ruwa ya zama abokinsa, ya dawo bayan mako biyu a sake aunawa. Ba a canja takalmin ba, igiyar aka sassauta. Rawar ta ragu har sai wanda ya sa ido zai gani.

Ranar da aka hura wutar farko ta bana, Ɗayyabu ya je wurin injin da jarkar ruwa a hannu, Lantana na biye da ƙwaryar fura, wai ta kawo wa ma'aikata. Ashafa na zaune a kan buhu.

"Ɗayyabu, yaya jiki?"

"Barci awa bakwai, Yaya. Ci daidai. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya bayan isha. Hannu na ɗan motsi in ban karya ba. Ranar Talata za a sake ɗibar jini."

Ashafa ya buɗe baki. "Kai, ni gaisuwa na yi."

"Ai ka sha ba da amsar gaisuwa, Yaya," in ji Lantana, tana dama fura ba ta ɗago ba. "Ga inda ta kai mu."

Ashafa ya yi kamar bai ji ba. Yahuza na kan kasko yana kwashe kumfa. Ɗayyabu ya tsaya nesa, inda aka ce ya tsaya, hannu a baya. Can sai Lantana ta ga kan ya karkata. Ta daina dama furar.

"A janye wuta," ya ce, ba da ƙarfi ba.

"Da saura," in ji Yahuza.

Ashafa ya dubi ƙanensa, ya dubi tabon damtsen. Ya tashi da kansa, ya karɓi ludayin, ya ɗiga a ƙwaryar ruwan sanyi. Ɗigon ya dunƙule tun kafin ya kai ƙasa. Ya sa aka janye wuta. Ya tsaya riƙe da ludayin kamar bai san inda ake ajiye shi ba, sannan ya miƙa ta wajen mariƙin.

"Kasko ɗaya," ya ce.

"Ɗaya, Yaya."

"In na ji ka ambaci Makka, na karɓe."

Yahuza bai yi asara ba, ya koma kan injin matsa, inda ƙarfi ke da amfani. Ɗayyabu kuwa har yau yana shan ƙwayarsa, yana zuwa Zariya. Wani lokaci hadari kan haɗo, barci ya ragu ko magana ta ƙaru, sai Lantana ta ɗauko gyale tun kafin a kai ga sharar gidan maƙwabci, shi kuma ya nemi hularsa ba musu.

Kwanan baya Talatu mai ƙosai ta leƙa gidan da tire a ka, ta ce, "Lantana, yaya jikin maigidan?"

"Da sauƙi," in ji Lantana. Ta jawo kujera 'yar tsugune da ƙafa. "Wannan na gaisuwa ne. In gaskiya kike so, sauke tallar ki zauna."