Sunan Kawu Labbo a Takardar Ikko

Duk wanda ya san Kawu Labbo majemi, ƙanen Innata, ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya shinshina fatar da ke jikinka. Takalmi ne, ɗamara ce, kuben wuƙa ne, sai ya kai hanci tukuna ya ce lafiya lau. Tun yana saurayi yake jima a bayan kasuwar Gummi, bagaruwa ta rine masa hannu har ya mutu bai wanku ba.

Ranar ɗaurin aurena na sa takalmi mai ƙyalli da na sayo a Gusau. A gaban surukaina ya duƙa ya ɗauki ƙafa ɗaya.

"Isa, mine ne wanga?"

"Fata ce, Kawu. Ta Ingila."

"Ingila? Wallahi wagga dabba ba ta taɓa cin haki ba. Tayar mota ta!"

Har yau Mai Taya dangin matata suke ce mini. Ban yi masa Allah ya isa ba, amma na kusa.

Wata ranar kasuwa wani Bature mai haƙar rijiyoyi ya ciro 'yar jakar aljihu ja. Kawu ya miƙa hannu ya karɓe, ya shaƙa. Aka kira ni tafinta, ni da na tsaya a aji huɗu. Bature ya ce fatar Maroko ce, a ƙasarsu ya saya.

"Gaya mishi ƙarya ya kai! Jar akuyarmu ta, bagaruwa da karan dafi. Kakanninmu sunka jeme, raƙuma sunka haura da ita, can anka liƙa mata sunan garin wasu."

Na faɗa da ɗan guntun Turancina. Bature ya yi murmushi, ya rubuta a ƙaramin littafi. Kawu ya taɓa ni.

"Ka gani? Gobe ka ji an ce shi yag gano akuyar."

To, shekarar da aka yi babban bikin al'adun baƙar fata a Ikko, sai ga wasu ma'aikata da mota, suna neman kayan gargajiya da za a nuna wa duniya. Babbansu, wani mai kwat, ya toshe hanci da hankici yana ta yabon gadon kakanninmu. Wai Kawu ya cire agogo da tabarau, ya ɗaura warki, a yi masa hoto.

"Kai fara tuɓewa," in ji Kawu. "Kai ma ɗan gadon ne."

Hoto dai bai yiwu ba. Amma Kawu ya shiga ɗaki ya fito da fatar da ya fi so, ja wur, taushi kamar kunnen jinjiri. Ko kwabo bai karɓa ba. Sharaɗinsa ɗaya.

"A rubuta Labbo na Gummi yaj jeme ta. Sau ɗaya dai a kira abu da sunan mai shi."

Mai kwat ya rantse har da dafa ƙirji.

Sai da aka yi damina biyu takardar yabo ta iso, da tambari da zaren zinariya. Kawu ya tara majema duka, ya ce in karanta. Na duba sama, na duba ƙasa, har baya na juya. Sunan mai kwat ne zaune a tsakiya, da manyan baƙaƙe. Bature ko ɗaya babu a wannan aiki, jama'a, ɗan'uwanmu ne baƙi kamar gindin tukunya.

Tsoho ya zuba mini ido. Sai na gyara murya.

"Ana gode wa Malam Labbo na Gummi, wanda duk ƙasar baƙar fata babu majemi kamarsa."

Ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a zaure. Daga ranar na shiga uku. Baƙo daga Anka, a kira Isa ya karanta. Bafulatani ya kawo fata daga Bukkuyum, a kira Isa. Kullum ina ƙara gishiri, har na kai ga cewa sarakuna bakwai sun miƙe tsaye don fatar Kawu.

Da ciwo ya kwantar da shi, na kasa haƙuri.

"Kawu, takardar nan, babu sunanka a ciki."

"Na sani. Hedimasta ya karanta min tun satin da taz zo."

"To don me kake ta wahalar da ni shekara shida?"

"Kai ka hi shi iya karatu, Isa. Ɗauko ta, ka sake min."

Na ɗauko, na karanta masa da sunansa, har da sarakunan bakwai.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe mini ƙaryata. Allah ya sa can inda ya je an kira shi da sunansa. Amin.